Tsohuwar da ka gani a waya

Ajiye burushin nan tukuna, yaro, jawo benci ka zauna. Jiya ka nuna mini hoton wata tsohuwa a wayarka, fuska kamar an sassaƙa turmi, hannuwa gabza-gabza, ka ce: "Maigida, ya aka yi ake ajiye wannan a gidan tarihi, ni kuwa kullum kana sa ni in goge hanci in sake?" Ban amsa maka ba don muna da allon mai shayi a hannu. Yanzu ga amsarka.

Wadda ta yi zanen Bajamushiya ce, sunanta Paula Modersohn-Becker. An haife ta a Dresden a 1876, ta tashi a Bremen, ta rasu a 1907 tana da shekara 31. Ba ta kai ko rabin shekaruna ba, amma ta bar zanen fenti sama da 700, ban da na gawayi da fensir. Ana lissafa ta cikin na farko-farkon masu salon nan na fito da abin da ke zuci, waɗanda suka daina tseren kamanni da na'urar ɗaukar hoto.

Abin da ba ka gani a waya ba shi ne shekarun da ta yi tana goge hanci tana sakewa kamar kai. A 1896 ta shiga makarantar zane ta mata a Berlin, domin a lokacin babbar makarantar gwamnati ba ta ɗaukar mata. A 1898 ta koma Worpswede, wani ƙauye mai fadama kusa da Bremen inda masu zane suka tare, ta zauna a hannun Fritz Mackensen. Aikin da ya ba ta shi ne ta zaunar da mutum ta zana shi da gawayi, girmansa guda, yau da gobe. Su wa take zaunarwa? Tsofaffin gidan gajiyayyu na ƙauyen, da matan manoma masu goyo, da 'yan yara. Ba masu kuɗi ba, balle su ce a rage musu tamoji.

To duba tsohuwar da kyau. Wannan ta yi ta a 1907, tsohuwa zaune cikin furanni jajaye, ga wata ƙatuwar kwalba a gefenta. Ka ce hannuwan sun yi girma. Ƙwarai sun yi, kuma da gangan ne. Matar da ta ƙare rayuwarta tana aikin ƙarfi, nauyinta a hannu yake, ba a gashin ido ba. Paula ta san inda kowace gaɓa take, ta san inda ƙashin kunci ya tsaya, sannan ta zubar da abin da bai da amfani ta bar ginshiƙin. Kai kuwa in ka bar wani abu a fuska, don ya gagare ka ne. Daga nesa sai a ce abu ɗaya kuka yi, alhali kama da wane ba ta wane.

Inda idonta ya buɗe shi ne Faris. Sau huɗu ta je, na farko a farkon 1900. A can ta ga aikin Cézanne, wani mai zane Bafaranshe, a shagon wani dillalin zane, Vollard, tun mutane ba su gama sanin darajarsa ba, ta ga yadda yake gina abu da faffaɗan launi maimakon ƙananan layuka. Sai kuma gidan tarihi na Louvre, inda ta tarar da hotunan Fayum na ƙasar Masar. Waɗannan ina so ka nema da kanka. Fuskoki ne da aka zana a kan katako zamanin Rumawa, yawanci da launi haɗe da kakin zuma, ana ɗaura su a kan fuskar gawa. Idanu manya, fuska ta fuskanto ka sak, ba murmushi ba kwalliya. Kusan shekara dubu biyu, amma sai ka rantse ka taɓa ganin mutumin a tasha. In ka dubi hoton da ta yi wa kanta riƙe da reshen ganye, dogo siriri, za ka ga daga ina ta ɗauko.

Akwai kuma aikin hannu, wanda shi ya fi shafarka. Sau da yawa a kan kwali take zane. Tana labta fenti da kauri, ta bar shi ba sheƙi, wani lokaci ta juya burushi ta karce da gindinsa don fatar ta yi kaushi. Kai kana ta lailaye kunci da yatsa har mutum ya koma kamar roba. Ni ma na yi wannan ƙuruciyar, ba na musu.

A 1906 ta zana mawaƙi Rilke, mijin ƙawarta Clara Westhoff mai sassaƙa. Bai gama zaman ba aikin ya tsaya, amma je ka gani: baki a ɗan buɗe, gemu, idanu kamar suna kallon ciki. Ba wanda zai biya ka kuɗin irin wannan a layinmu.

Nan ne nake so ka buɗe kunne. Da aka nuna aikinta a Bremen a 1899, wani mai sharhi, Arthur Fitger, ya yi mata kaca-kaca a jarida. Har ta mutu abin da ta sayar bai taka kara ya karya ba. Mijinta Otto Modersohn, wanda ta aura a 1901, shi kasuwa ta sani, kuma da kuɗinsa ta yi yawancin zaman Faris, har da lokacin da ta bar shi a 1906 kafin su shirya. Ta haifi 'yarta Mathilde ranar 2 ga Nuwamba 1907, aka kwantar da ita kwana goma sha takwas, ranar da ta miƙe jini ya daskare mata a jijiya, ta faɗi ta rasu. Sai a 1927 aka gina mata gidan tarihi a Bremen, bayan shekara goma kuma 'yan Nazi suka kwashe aikinta daga gidajen tarihi wai gurɓatacce ne.

Saboda haka in Alhaji ya kawo hoton mahaifinsa, kamanni ya saya, kamanni za ka ba shi, hancin nan kuma za ka sake shi. Amma ranar Juma'a da yamma ba mu da aiki. Ɗauki gawayi da bayan kwalin nan, ka je wurin Baba mai gadi, ka gaishe shi, ka roƙe shi ya zauna maka, ka saya masa goro. Kada ka ɗauke shi a waya. Fara da hannuwansa, ka kawo mini in gani ranar Asabar.