Tambaya da Amsa: Za Mu Koma Legas, Wace Makaranta ce Ta Dace da 'Ya'yanmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Abuja zuwa Legas, kuma ofishinsa yana Victoria Island. 'Ya'yanmu biyu ne: babbar tana da shekara 14, tana aji na 10 a makarantar da ke bin manhajar Ingila, ƙaramin kuma yana da shekara 8. Ni na fi son mu zauna a Agege kusa da danginmu, shi kuma maigidan yana ganin a kai su duka makarantar kwana saboda cunkoson hanya. Kamfaninsu zai biya wani kaso na kuɗin makarantar. Don Allah a ba mu shawara.
Daga wata mai karatu a Abuja

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wannan ƙaura ta zama alheri. Shawarata ita ce ku fara samun makaranta kafin ku kama gida, kuma ku fara da maganar babbar, domin ita ce canjin zai fi taɓawa.

Yarinyar da ke aji na 10 ta riga ta shiga karatun IGCSE, wato na kammala sakandare a tsarin Ingila, wanda ake yi cikin shekara biyu, a rubuta jarrabawarsa a ƙarshen aji na 11. Saboda haka bai wadatar ba a ce sabuwar makarantar tana bin tsarin Ingila. Dole ne ku tambaya ko jarrabawar hukumar Cambridge suke yi ko ta hukumar Pearson Edexcel, sannan ku ɗauki jerin darussan da take yi yanzu ku ajiye a gaban shugaban makarantar, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Yakan faru sunan darasi ya zo ɗaya amma abin da ke ciki ya bambanta, musamman a adabin Ingilishi da tarihi, inda kowace makaranta ke zaɓen littattafai da zamunnan da za ta koyar. Idan aka sami saɓani a darasi biyu ko uku, zaɓin da zai rage shi ne ta maimaita ajin ko ta ƙarasa inda take. A irin wannan hali, idan makarantarta ta Abuja tana da sashen kwana, ko akwai dangi amintattu da za ta zauna wurinsu, ni ba zan ga laifi ba idan aka bar ta ta kammala aji na 11 a can, daga baya ta zo Legas ta ɗora da A Level ko difilomar IB (International Baccalaureate), wato karatun share fagen shiga jami'a, waɗanda kowannensu shekara biyu ne.

Makarantun da za a duba a nan ba su yi kaɗan ba, kuma ambaton sunayensu ba talla ba ne. Grange, wadda aka kafa a 1958, tana Ikeja, ba nisa da Agege. British International School tana Oniru, tana karɓar 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo. Greensprings tana da reshe a Anthony da wani a hanyar Lekki zuwa Epe, inda ake da sashen kwana da difilomar IB. Atlantic Hall da ke Epe ta kwana ce, kuma tana shirya ɗalibai don WAEC da IGCSE. American International School da ke Victoria Island, wadda ta fara a 1964, tsarin Amurka take bi, don haka ba ita ce ta dace da yarinyar da ke tsakiyar IGCSE ba. Kalmar "International" da ake rubutawa a allon ƙofa kuwa ba ta tabbatar da komai. Ku nemi a nuna muku takardar amincewar gwamnatin Jihar Legas da lambar cibiyar jarrabawa ta Cambridge, in kuma sun ce suna yin IB, sunansu zai fito a jerin makarantun da hukumar IB ta wallafa a intanet.

Sai maganar hanya, wadda maigidanki yake da gaskiya a kanta. Wanda ke Agege yana kai yaro makaranta a tsibiri, wato wajen Victoria Island, sai ya ratsa Ikeja ya hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, kuma kowa a garin nan ya san yadda motocin yara suke da sassafe: an fito ana idar da sallar asuba, yaro ya jingina kai da gilashi yana barci, jaka a cinya, abin karin kumallo yana cikin kula bai ko buɗe ba. Da yamma a sake bin wannan hanya, a iso gida magariba ta gabato, ga aikin gida, Islamiyya kuwa ta riga ta tashi. Da damina, idan ruwa ya kwanta a titunan Lekki, abin ya fi haka muni. Amma maganin wannan ba shi ne a kai yaro ɗan shekara 8 makarantar kwana ba. Yaron da ya rabu da abokansa da unguwarsu a lokaci guda yana bukatar ya riƙa dawowa gaban mahaifiyarsa kullum, kuma a waɗannan shekarun ne sallarsa da karatun Alkur'aninsa da Hausarsa suke kafuwa. Idan Agege kuke so, a nema masa makaranta a Ikeja, maigida ya ɗauki wahalar gadar shi kaɗai. Idan kuma ya ga ba zai iya ba, a kama gida a tsibiri kusa da makaranta, zumunci a bar shi zuwa ƙarshen mako.

In ya zama babbar za ta yi kwana a nan, to zuwa da kai ya fi saƙo. Ki je ranar da ake karatu, ba ranar da aka ware don baƙi ba, ki shiga ɗakin kwanan da banɗakin, ki zauna da matar da ke kula da 'yan mata. Ki tambaye ta yara nawa ne a hannunta da dare, ko akwai ma'aikaciyar jinya da ke kwana a makarantar, wane asibiti ake kai yara, da matakin da suke ɗauka idan manyan ɗalibai suka ci zalin ƙanana. Ki tambayi inda ake salla, da yadda ake yi da Juma'a, da sahur da buɗa-baki a watan azumi, da inda ake sayen naman da ake dafawa. Maganar hijabi kuma a rubuce za ku karɓi amsarta, domin hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2022 na ba wa ɗalibai damar sa hijabi ya shafi makarantun gwamnatin jihar ne, masu zaman kansu kowacce tana da dokar tufafinta.

Game da kuɗi, ku nemi cikakken lissafin shekara: rajista, kuɗin gine-gine da ake karɓa daga sabon ɗalibi, mota, tufafi da kuɗin jarrabawa. Ku tabbatar ko da naira aka ƙayyade shi ko da dala, sannan kamfanin ya bayyana a rubuce abin da ya ɗauka. Makarantu da yawa suna neman sanarwar zango guda kafin a cire yaro, don haka ki duba yarjejeniyarku da ta Abuja tun yanzu.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana gama IGCSE bana a nan Legas, kuma ina son ya karanta likitanci a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello. Shin wannan takarda ta ishe shi?
Daga wani ɗan kasuwa a Agege

AMSA: Alhaji, ita kaɗai ba ta isa ba. Shiga aji ɗaya a jami'ar Nijeriya sai da jarrabawar JAMB, kuma mai neman likitanci Ingilishi da bayoloji da kemistiri da fizis zai rubuta, bayan ya sami kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi da lissafi. Ana bukatar lambar NIN wajen rajista, kuma sai ya kai shekara 16. Idan ya tsaya ya yi A Level, zai iya neman shiga aji biyu kai tsaye, amma shi ma ta hannun JAMB. Abin da ya fi tsaro shi ne ya haɗa da WAEC ko NECO, kuma idan makarantarsu ba ta yi wa ɗalibanta rajista, sai ya zauna ta ɗalibai masu rajista da kansu.