Tambaya da Amsa: Fim ɗin talakawa irin na Ingila

Tambaya: Ina da waya mai kyamara da abokai biyar, muna son shirya fim kan rayuwar 'yan kabu-kabu. An ce Turawan Ingila sun gwanance wajen nuna talaka yadda yake. Ta ina suke bi? (Wani matashi daga unguwar Zariya, Maradi)

Amsa: Ɗan'uwa, salon ya kankama ne a ƙarshen shekarun 1950, sa'ad da daraktoci irin su Karel Reisz da Tony Richardson suka kai kyamara garuruwan masana'antu. Amma wanda ya kamata ka sa wa ido shi ne darakta Ken Loach. A fim ɗinsa Kes na 1969, yaron da ya ja ragamar wasan ɗan makaranta ne daga garin Barnsley, inda aka ɗauki fim ɗin. A 2016 kuma I, Daniel Blake, labarin kafinta mai ciwon zuciya da ke fama da ofishin tallafi, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa.

Loach yana ɗaukar fim bi da bi, yadda labarin yake tafiya. Ba ya damƙa wa 'yan wasa rubutun gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan yake ba su, don in abin mamaki ya faru, mamakin da ke fuskarsu ya zama na gaske. Kyamara kuma yakan ajiye ta nesa ya jawo hoton da doguwar tabarau, wato gilashin kyamara mai kusanto da abin da ke nesa, har mutum ya manta ana ɗaukarsa. A nan wayarka za ta ba ka kunya: in ka jawo hoto fiye da ninki biyu, sai ya dushe, sai dai in tana da tabarau na musamman. Kafa ta a kan ƙafar ɗora kyamara, kamar taku biyar daga mutanenka, ka yi aiki da sassafe ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana jefa inuwa a idanu.

Inda aka fi faɗuwa shi ne sauti. Ƙarar babura a bakin kasuwa za ta haɗiye maganar, don haka maƙala wa mai magana ƙaramin makirfo a ƙirji, ka haɗa shi da waya ta biyu a aljihunsa. A tafa hannu sau ɗaya kafin a fara, da shi za ka daidaita murya da hoto.

Kada kuma ka juya wa 'yan wasanka harshe zuwa Kananci. Loach ya bar leburorin fim ɗinsa Riff-Raff da karin harshensu, har sai da aka sa rubutu a ƙasan hoton kafin a nuna shi a Amurka.