Dalilin mutuwar fitilar LED a kan Arduino Uno

Malam, ka ce fitilarka ja ta haska sau ɗaya ta mutu bayan ka haɗa ta kai tsaye da fil ɗin Arduino Uno, wato ƙaramin allon lantarki da ake tsara wa aiki ta kwamfuta. Fil ɗin yana fitar da bolt 5, alhali fitilar kusan bolt 2 take buƙata, kuma ba ta iya taƙaita wutar da ke ratsa ta. Sanya resista (ƙaramar na'ura mai rage gudanar wuta) mai om 220 tsakaninsu, wadda za ka gane da zobenta ja, ja, ruwan ƙasa, sai wutar ta sauka zuwa kusan miliamfiya 14 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana). Ina roƙonka kada ka yi sakaci, domin wuce miliamfiya 40 yana iya lalata fil ɗin kansa. Doguwar ƙafar fitilar ta fuskanci resista, gajeriyar kuma ta nufi GND, wato fil ɗin da wuta ke komawa ta cikinsa a allon.