Gonar gado a bakin gari: kafin ku ja igiya

Tambaya: Barista, mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona a ƙasar Dawakin Kudu, ga shi gari ya fara cim mata. Wani dillali ya ce zai kawo masu awo su yanka mana ita fuloti-fuloti, mai unguwa ya sa hannu, mu sayar. Ƙanwata ta dage sai an bi ta gwamnati. Ni ne babba, kowa ni yake kallo. Ina mafita?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. A wannan magana ƙanwarka ce ke kan daidai.

Abin da dillalin ya kawo muku shi ne awon igiya, kuma doka ba ta san shi ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, sannan ta kasa ta biyu. Wadda gwamna ya ayyana a matsayin birni shi ke ba da shaidar mallakarta, ta karkara kuwa ƙaramar hukuma ce. Don haka tambayar farko ita ce, a takarda, gonarku birni ce ko ƙauye? Kada ka auna da ido. Na sha ganin wurin da ake yankan dawa, alhali a taswirar gwamnati ya daɗe da zama birni. Amsar tana Ma'aikatar Filaye da KANGIS, hukumar da ke adana taswira da bayanan filaye a Kano, ba a zauren dagaci ba.

Idan karkara ce, kuma tun kafin 1978 danginku ke noma ta, sashe na 36 ya hana a yanka irin wannan gona zuwa fulotai. Takardar cinikin da ta saɓa masa banza ce, har da tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara guda. Tarar a yau ba ta kai kuɗin buhun siminti ba, na sani. Amma ba ita ce abin tsoro ba, rushewar cinikin ne. Idan kuwa birni ce, sashe na 34 ya ce filin da ba a gina ba ba a yanka shi sai da rubutaccen izinin gwamna.

To sa hannun mai unguwa fa? Yana da amfani, ban raina shi ba. Shaida ce cewa an san gonar da ku, kuma babu rikicin iyaka da maƙwabta. Iyakarta ke nan. Ba izinin yanka ba ce.

Hanyar da ta dace tana farawa daga gida. Ku fara raba gadon, ko ku je kotun shari'ar Musulunci ta tabbatar da magada da kason kowa, sannan su wakilta ka a rubuce, mata da maza. Magaji ɗaya da aka tsallake ya isa ya tsayar da komai bayan shekara goma. Daga nan sai safiyo mai rajista ya auna gonar, mai tsara gari ya zana taswira, ku shigar da buƙatar sauya ta daga noma zuwa gidaje.

A nan ne mutane ke ƙosawa, don masu duba taswira a ma'aikata da KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ba yawan fulotai ne ya dame su ba. Za su duba ko wurin ya faɗa cikin wani shiri na gwamnati, ko titi zai ratsa ta nan, ko yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Za su duba faɗin layuka, da inda ruwan sama zai bi, da abin da aka ware wa makaranta, asibiti, masallaci da maƙabarta. Duk wannan daga jikin gonarku zai fita, fulotanku za su ragu. Shi dillali abin da yake gudu ke nan. Amma ka shiga unguwar awon igiya da damina ka gani: lungun da mota biyu ba sa giftawa, kwata tana bi ta ƙofar gidan mutane, ga jan fenti a jikin katanga. Ranar rusau, wanda ya saya ba dillali zai nema ba. Sunanka ne a takarda.

In ba ku da ƙarfin bin wannan hanya, kuna iya sayar da gonar ɗungurungum ga wanda zai yi, da amincewar hukumar da ke da iko a kanta, muddin ba ta faɗa ƙarƙashin sashe na 36 ba, don shi har sayarwar ya hana. Ko ku haɗa gwiwa da mai jari, ya ɗauki nauyin awo da izini, a biya shi da fulotai. In kun zaɓi haka, a rubuta cewa ba zai sayar da ko taku ɗaya ba sai taswira ta fito da hatimi.

Abu ɗaya ka riƙe: idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da ke kan ƙasa ce, gini ko shuka. Fulotin da turaku huɗu kawai ke kansa kusan ba shi da abin karɓa.

A wannan makon, kada ka karɓi kafin alƙalami daga kowa. Ka tattaro duk takardar da marigayi ya bari, ka sa safiyo ya ɗauko lambobin gonar, ku je a bincika matsayinta. Ka tafi da ƙanwar taka.