Shin sukar da ake wa LeBron James kan wasannin ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta NBA na 2011 ta dace?

Tambayarka ita ce ko mutane sun zalunci LeBron da suka ce shi ya jawo ƙungiyarsa ta Miami Heat ta sha kashi a hannun Dallas Mavericks. Sukar tana da tushe, amma a duba inda take.

A kakar ya riƙa cin maki 26.7 kowane wasa. A wasanni shida na ƙarshen da suka buga da Dallas kuwa sai ya sauka zuwa 17.8, a wasa na huɗu ma maki 8 kawai ya ci. Babban abin shi ne ya daina kutsawa ƙarƙashin kwando. Dallas sun riƙa tsaron yanki a wasu lokuta, wato kowane ɗan wasa ya tsare wani ɓangaren fili, a wasu lokutan kuma Shawn Marion na manne da shi, Tyson Chandler na jiran sa a bakin raga. Maimakon ya kutsa a yi masa keta ya samu jifan kyauta, sai ya tsaya waje yana miƙa ƙwallo. A zangon ƙarshe na wasannin, lokacin da ake buƙatarsa, ya yi shiru.

Kuskuren da yawanci ake yi shi ne kallon maki kaɗai. A wasa na biyar ya ci 17, ya kamo ƙwallon da ta kasa shiga kwando sau 10, ya bayar da ƙwallo aka ci sau 10, amma duk da haka an ci Miami. Wani kuskuren kuma mantawa da Dirk Nowitzki na Dallas, wanda ya yi rawar gani har aka ba shi gwarzon wasannin ƙarshen.

In kana son ganin yadda tsaron ya ɗaure shi, nemi bidiyon masu horarwa da ke tsayar da wasa suna nuna matsayin kowane ɗan wasa.