Shin Rubuta Buƙatun Manhaja da Lissafi Ba Ɓata Lokaci Ba Ne?

Tambaya: Malam, a ajinmu ana sa mu rubuta buƙatun manhaja da alamomin lissafi tun kafin mu fara rubuta manhajar kanta. Ni gani nake wahalar banza ce. Ba gwaji ne ke kamo kurakurai ba? — Wata ɗaliba

Amsa: Ƙanwata, gwaji yana kamo kuskuren da kika yi tunanin nema ne kawai.

Ɗauki lif. Mai gini ya ce kada ƙofa ta buɗe muddin lif na tafiya. Jami'in kiyaye haɗari kuma ya ce da zarar an danna maɓallin gaggawa, ƙofa ta buɗe nan take. Kowace magana daidai take ita kaɗai. To, idan aka danna maɓallin alhali lif yana tsakanin hawa na uku da na huɗu fa? A takarda ba wanda zai lura, sai mai rubuta manhajar ya zaɓi guda shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Amma in kika zuba ƙa'idojin biyu a TLA+, harshen rubuta ƙa'idojin tsari da alamomin lissafi da Leslie Lamport ya ƙirƙira, manhajar bincike za ta bi duk halin da tsarin zai iya shiga, ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo miki jerin matakan da suka karya doka.

Injiniyoyin Amazon sun gano wani kuskure a tsarinsu na adana bayanai, DynamoDB, ta wannan hanya, wanda ba ya bayyana sai an bi matakai 35 a jere. Wane mai gwaji ne zai hango haka? Layin jirgin ƙasa na 14 a Paris, mara direba, da aka buɗe a 1998, shi ma da wata hanyar lissafi makamanciyar wannan, hanyar B ta Jean-Raymond Abrial, aka gina manhajar tsaronsa.

Sai dai kina da gaskiya ta wani gefe. Abin da kika rubuta shi ake bincikawa. Zaton da kika bari a ranki ba ya shiga lissafi. Rokar Ariane 5 ta tarwatse a 1996 saboda an ɗauko manhajar Ariane 4 ba tare da an sake duba ko lambobin sabuwar rokar za su shiga ma'ajin da aka tanadar musu ba. Ga kuma yawan halayen da tsari zai iya shiga, da ke ninkuwa har kwamfutar da ke binciken ta gaza.

Don haka ni ban ce sai kin lissafa komai da komai ba. Shafin rajista ba ya buƙata. Ki ware inda abubuwa da yawa ke faruwa lokaci guda, ko inda rai ko kuɗi ke ciki, ki fara da ƙaramin samfuri: masu amfani biyu, sabar (kwamfutar da ke yi musu hidima) uku. Yawancin kurakurai a irin wannan ƙaramin adadi suke fitowa, a kan wannan ma Daniel Jackson ya gina Alloy, wata manhajar bincike irin wannan.