Tambaya da Amsa: Ina mutum-mutumi ya haɗu da bulokcen?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. A wani zauren WhatsApp ake ta tallata mana sabon kuɗin kirifto, wai na mutum-mutumi ne masu ƙirƙirarriyar basira, duk aikin da suka yi ribar za ta riƙa faɗowa walat ɗinmu. Da gaske abubuwan nan biyu suna da alaƙa, ko romon baka ne? Daga wani mai gyaran waya a Funtuwa.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Alaƙa kam akwai, sai dai ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Bulokcen, wato fasahar da kuɗin kirifto ke gudana a kanta, kundi ne. Ka ɗauka littafin adashi ne da kowane mai zubi yake riƙe da kwafinsa, uwar adashi ba ta isa ta goge layi ita kaɗai ba. Da Bitcoin abin ya fara a 2009. A 2015 wani bulokcen mai suna Ethereum ya zo da ƙari: a rubuta yarjejeniya cikin kundin, sharaɗi na cika ta zartar da kanta. Ta nan mutum-mutumi ya samu ƙofa. Na'ura ba ta da BVN, ba bankin da zai buɗe mata asusu, amma tana iya riƙe walat, wato asusun ajiyar kirifto. Jirgi marar matuƙi zai iya kai kaya, ya karɓi ladansa, ya sauka ya biya kuɗin caji ba tare da hannun mutum ba. A 2019 kamfanin Jaguar Land Rover ya gwada makamancin haka da IOTA, wani dangin bulokcen: mota ta kai rahoton rami a titi, a biya ta. Tunani ne mai kyau, ni ma yana burge ni, amma gwaji ne.

Motsin na'urar kuwa ba ruwansa da kundin. Hannun ƙarfen da zai kauce wa ma'aikaci a masana'anta ƙiftawar ido gare shi, alhali Bitcoin sai kusan minti 10 take rufe shafi guda, Ethereum daƙiƙa 12. Amazon ta sanar a 2025 cewa mutum-mutuminta sun kai miliyan ɗaya a rumbunan kayanta, kuma kwamfutocin kamfanin ne ke juya su. Sannan kundi abin da aka faɗa masa yake rubutawa. In idon na'ura ya samu matsala ta ce ta sauke buhu goma alhali tara ne, goman za a adana, kuma ba mai gogewa. Kai da kake buɗe cikin waya kullum ka fi ni sanin yadda ɗan ƙaramin abu ke lalacewa.

Yanzu batun kuɗinka. Ka tuna Sophia, mutum-mutumin kamfanin Hanson Robotics da Saudiyya ta ba takardar zama 'yar ƙasa a Oktoban 2017? A Disambar shekarar, wani dandalin ƙirƙirarriyar basira mai suna SingularityNET, wanda Ben Goertzel na kamfanin Hanson ya jagoranta, ya sayar da kirifto na dala miliyan 36 cikin kusan minti ɗaya. Masu saye ba su mallaki ko ƙusa ɗaya a jikin Sophia ba, abin biyan hidima a dandalin suka saya. To wannan ma mai tushe ke nan. A nan gida, dandalin zuba jari na CBEX da ya rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025 shi ma cewa ya yi ƙirƙirarriyar basira (AI) ke masa ciniki, tare da alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30. Ƙarshe EFCC ce ta shiga maganar.

Kafin ka tura ko kwabo, ka tambayi masu zauren: na'urorin a wane gari suke, wa suke yi wa aiki, wa ke biyansu? Dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin SEC, hukumar da ke kula da hada-hadar hannun jari, don haka ka nemi shaidar rajistarsu, ka kuma duba sunan da kanka a shafin hukumar. Kada ka dogara da hoton satifiket da za su turo maka.